Iskar da Ta Shiga Birkin Na-iya

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, wanda ba zan kama sunansa ba, don yana nan da ransa kuma ya gyara halinsa. A layinsu Na-iya ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Famfo ya lalace, na iya. Fanka ta tsaya, na iya. Ko wandonsa ne ya yage aka ce a miƙa wa tela maƙwabcinsu, sai ya ce a kawo masa allura. Abin da ya hana sunan zama zagi shi ne sau da yawa ya iya ɗin. Allah ya ba shi hannu, ya ba shi ido mai saurin ɗaukar aiki. Kunnen jin magana ne bai nema ba.

Sana'arsa raba ƙwai. Yana da wata tsohuwar mota da ya cire wa kujerun baya, yana jera kiret a wurin, ya ɗauko daga gonar kaji ya kai wa kantuna da gidajen abinci. Motar nan ita ce cinsu, ita ce shansu, ita ce makarantar yara. Ita ce kuma take kai mahaifiyarsa asibiti duk wata a auna mata jini.

Mahaifiyar tasa, Inna, a gidansa take zaune, shi ne autanta. Ta tsufa, ido ya rage, amma ƙafa garau. Ba ta da gona, ba ta da kadara, ba ta da abin da za ta ɗauka ta ba ɗa ko jika in ban da addu'a, kuma ta riƙe ta a matsayin nata kason na hidimar gida. Yaro ba ya fita makaranta sai ya tsaya a ƙofar ɗakinta ta dafa kansa. In aka zauna cin abinci takan ce kowa da abin da ya kawo gidan nan, ita ma ba a banza take ci ba. Ku riƙe wannan, don kansa labarin zai dawo.

Wata rana Na-iya ya ji birki ya yi laushi. Ya buɗe bonet ya ga man birki ya yi ƙasa. Ya ƙara, kwana kaɗan ya sake yin ƙasa. Ya leƙa ƙarƙashin motar, sai ya ga bayan tayar gaba a jiƙe, tiyon da ke kai mai ga tayar ya tsage yana tsiyaya. A lokacin kuwa gida babu sarari. Kuɗin makaranta ya zo, maganin Inna ya ƙare, buhun abinci ya kusa ganin ƙasansa. Ya yi lissafin abin da gareji zai ci, ya ga ba zai iya ba. Sai ya ce zai yi da kansa.

Na san abin da kuke jira in ce. Kuna jira in ce ga zunubin nan, talaka ya taɓa abin da ba aikinsa ba, da ya kai wa bakanike da bai ga haka ba. Ba zan ce ba. Masu saurin faɗin haka yawancinsu ba su taɓa tsayawa tsakanin buhun abinci da kuɗin gareji suna zaɓen ɗaya ba. Mutum ya koyi gyaran abin da yake ci da shi ba laifi ba ne, abin yabo ne. Kuma ku ji yadda ya yi: ya nemi bidiyo a waya ya kalla har ya gane. Ya ƙi sayen tsohon tiyo mai araha, ya matsa wa kansa ya sayi sabo. Ya sayi man birki irin wanda aka rubuta a murfin, bai ce mai ai mai ne ba. Ya ɗaga motar da jak, ya sa katako mai ƙarfi ya tokare ta kafin ya shiga ƙarƙashi. Ya cire tsohon, ya ɗaura sabon, ya ɗaure tam. Har zuwa nan, da ni malamarsa ce da na ba shi maki cikakke.

Saura abu ɗaya. Duk wanda ya kwance tiyon birki, iska ta shiga bututun. Mai ba ya matsuwa, in ka taka shi sai ya tura. Iska kuwa matsuwa take yi, ka taka ta lotsa, birki bai kama ba. Dole a fitar da ita, kuma fitar da ita, yadda aka nuna masa, aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna a kujerar direba ya tattaka birki ya danne ya riƙe. Ɗaya yana ƙasa a bayan taya da sifana, ya kwance wani ɗan noti iskar ta fito tare da mai, ya mayar ya ɗaure kafin na saman ya ɗaga ƙafa. In aka ɗaga ƙafa notin yana buɗe, iskar da ta fita sai ta koma, har ta jawo 'yan uwanta.

Matarsa ta kawo masa ruwan sha a daidai lokacin, ta tsaya ta kalli bidiyon ta bayan kafaɗarsa. Ta ce, "Baban yara, ai mutumin nan na cikin waya su biyu ne. Bari in wanke hannu in zo in taka maka."

A ƙofar gida ake aikin. Tela yana bakin shagonsa, wasu mutum biyu suna zaune a bencinsa suna kallo, kuma tun safe Na-iya yake gaya musu wannan ƙaramin aiki ne. Sai ya ce mata ta koma ta duba tukunyarta, birki ba keken ɗinki ba ne. Tela ya ce to in dai taka feda ne ai sana'arsa ke nan tun yana yaro, a bar shi ya zo ya taka kyauta. Aka yi dariya. Na-iya ma ya yi, ya ce ya gode, ya iya.

Me ya yi? Sandar mofa ta goge ɗaki ya ɗauko. Ya tattaka birki, ya tokare shi da sandar a jikin kujera, ya zagaya da gudu ya kwanta ya kwance noti. Sandar ta zame, feda ta taso. Ya ɗaure, ya tashi, ya sake. Haka ya yini yana zagaya mota kamar mai neman abin da ya yar, har man da ya saya ya kusa ƙarewa. Da ya gwada, birki yana kamawa, amma sai an taka sau biyu ko uku. Ya ce ai shi ke nan, ya san hannun motarsa.

Da yamma ana cin abinci, gajiya ta sa shi mita. Ya ce iska ce ta shiga birkin, ya yi ya yi ta ƙi fita.

Hannun Inna ya tsaya a cikin kwano. Ku da kuka girma da tsofaffi kun san abin da kunnenta ya ji. A wurin Inna, in aka ce iska ta shiga abu ta ƙi fita, ba wadda muke shaƙa ake nufi ba, mutanen ɓoye ake nufi. Ta yi salati, ta ce dama ta daɗe tana jin motar nan tana wani kuka da ba na ƙarfe ba. Matar ta buɗe baki za ta yi bayani, ya watsa mata harara ta fasa. Don in aka yi bayani sai an kai ga maganar mutum biyu, in aka kai can kuwa sai an kai ga sandar mofa.

Tun daga washegari, kafin ya fita, Inna sai ta lallaɓa waje ta dafa bonet da hannu biyu ta yi ta addu'a, shi kuma yana tsaye yana duba agogo. Da aka kwana biyu ta tambaye shi, "Auta, ta fita?"

Ya ce, "Ta fita, Inna. Addu'arki ta kore ta."

To ga zunubin, 'yan uwa. Ba a ƙarƙashin mota ya yi shi ba, a tsaye ya yi shi, da hannunsa a wanke, yana kallon fuskar mahaifiyarsa. Ya ɗauki abu mafi tsada da tsohuwar nan take da shi ya toshe ɓarakar aikinsa da shi. Ya ga kamar bai cuci kowa ba, har ma ya faranta mata. Ta kuwa yi farin ciki. Duk wadda ta shigo gidan sai ta ba ta labari.

Matarsa ba ta yi shiru a ɗaki ba. Ta gaya masa ta ga ƙafarsa tana rawa a kan birki kamar mai kiɗa, ta roƙe shi ya bari su yi aikin tare ko da asuba, ba wanda zai gani. Ya ce yanzu in Inna ta fito ta tarar da su suna fitar da iskar da aka ce ta fita fa? Ta ce to 'ya'yanta dai ba za su shiga ba, ta mayar da su tafiya makaranta a ƙafa. Shi kuma ya ci gaba da raba ƙwansa, yana barin rata mai yawa tsakaninsa da motar gaba, yana fara taka birki tun daga nesa. Kullum ya dawo lafiya sai ya ƙara yarda da kansa. Kun lura da wannan? Ba abin da ke ƙarfafa mai ganganci kamar dawowa lafiya.

Ranar asibiti ta zo. Matar ta ce a tare wa Inna tasi yau, motar ta cika da ƙwai. Inna ce da bakinta ta ƙi. Ta ce motar da ta yi wa addu'a aka ga amsa, ita za ta guje wa ta shiga ta wani da ba ta san abin da ke cikinta ba? Matar ta dubi mijinta. Kalma ɗaya za ta fito daga bakinsa a tare tasi. Ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofa.

Hanyar asibitin tana da wata doguwar gangara, a ƙarshenta akwai mararraba inda mutane ke tsallakawa. Ya sauko a hankali yana tattakawa kamar yadda ya saba. Suna dab da ƙasa wata mata da goyo ta fito daga bayan wata babbar mota ta shiga titi. Ba lokacin taka biyu ko uku. Ya taka sau ɗaya da duk ƙarfinsa, feda ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba. Ya fizgi birkin hannu, ya murɗe sitiyari zuwa gefe, inda masu buga bulo suka tara yashi. Motar ta hau yashin ta rage gudu, ta daki bulon da aka jera a bayansa.

Mai goyo ta tsira, ko taɓa ta bai yi ba. Shi goshinsa ne ya fashe. Ƙwai kuwa duk ya taso daga baya ya yi musu wanka. Inna ta miƙa hannu ta dafa gabanta lokacin da suka daki bulon, wuyan hannun nata ya karye.

Gaban motar ya lotse. Mai gonar kaji ya yi masa jaje, amma kantuna ba za su jira ba, ya ba wani aikin. Na-iya ya koma gonar yana loda wa wasu kiret a motocinsu. A iya cewa wannan ita ce faɗuwarsa, kuma a irin labaran da aka saba ba mu a nan ake tsayawa a ce ku ga ƙarshen mai girman kai. Ni a ganina wannan duk ƙarami ne. Ƙarfe ake bugawa ya miƙe, aiki ana samun wani.

'Yan jaje suka cika gida. Kowa ya shigo sai ya ce ƙaddara ce, ba makawa sai ta faru. Waɗanda Inna ta ba labari kuma suka ce lalle iskar nan mai taurin kai ce, ta dawo. Na-iya yana zaune da bandeji a goshi yana amsa amin. Ba wanda ya zarge shi. An ma yaba masa yadda ya kauce wa mai goyo. Ƙofar tsira a buɗe take, mutane da kansu suka buɗe masa.

Ni ma na yi imani da ƙaddara, ya 'yan uwa, kada wani ya fita ya ce tsohuwa ta kauce. Amma ina tambaya: me ya sa ba ma kiran sunanta sai bayan mun yi sakaci? Ranar da ɗanka ya ci jarrabawa cewa kake yi ya yi karatu. Ranar da birkinka ya ƙi kamawa sai ka ce an rubuta. Ko maganar tamu ku duba: birki ya ƙi, birki ya ƙwace, birki ya tsinke. Duk birki ne mai aikin, mu ba mu yi komai ba, wucewa muka zo yi.

Hannun Inna ya fara haɗuwa, amma ita ba ta dawo ba. Ta rage cin abinci. Ta daina ba da labari. Wata rana ta kira surukarta ta tambaye ta a hankali ko ta taɓa yi mata wani abu da ba ta yafe ba. Ta sa aka kira mata tsofaffin maƙwabta a waya tana neman gafararsu, suna mamakin laifin me. A lissafinta abin a fili yake: ta roƙa, an amsa, sannan aka janye amsar, har aka karya hannun da ta dafa motar da shi. To wane haƙƙi ne a kanta da ba ta sani ba?

Sai wata safiya yaran suka tsaya a ƙofar ɗakinta kamar kullum da jakunkunansu. Ba ta miƙo hannu ba. Ta ce, "Ku je uwarku ta yi muku. Tawa ta daina hawa."

Na-iya yana tsakar gida yana ɗaura takalmi, ya ji. Wannan ita ce faɗuwar. Ƙaryar da ya yi don ya tsare sunansa a gaban tela da mutum biyu a kan benci, ta sa tsohuwar da ta ƙare rayuwarta tana roƙon Ubangijinta tana zaton an rufe mata ƙofa.

Matarsa ta same shi a wurin. Ta ce ita ba za ta tona shi ba, ba aikinta ba ne. Amma hannun Inna likita ya ɗora, wancan karayar kuwa shi kaɗai ya san inda take.

Bai je gona ba ranar. Ya shiga ɗakin ya durƙusa ya faɗi komai, tun daga tiyo har sandar mofa. Ya ce iskar da yake nufi irin wadda ake hura wa taya ce, ba ta taɓa fita ba, ya sani, kuma ya ce mata ta fita. Inna ta sa ya maimaita maganar mutum biyun. Sannan ta ɗaga hannun mai lafiya ta ɗirka masa dundu a baya, irin wanda rabonsa da shi tun yana firamare.

Ta ce, "Ashe ba a motar iskar take ba. A kanka take."

Ta yi kuka, shi ma ya yi. Da rana ta ci abinci har ta nemi ƙari. Washegari ta kira yaran da kanta ta dafa kawunansu, ta ce su yi haƙuri da bashin kwanakin da ta tsallake, za ta biya su.

Gyaran motar ya ɗauki watanni, don kaɗan-kaɗan yake tarawa, yau fitila, gobe wani ƙarfe. Abin da zai iya ya yi da hannunsa, abin da ya fi ƙarfinsa ya kai wa masu shi, kuma ya koyi cewa ban sani ba, nuna min. Da aka zo kan birki, ya shiga gida ya ce wa matarsa in tana da sarari yana neman ƙafarta. Inna ta ce ba inda za a je, ita za ta taka. Hannunta ne ya karye ba ƙafarta ba, kuma tana so ta ga abin da ya hana ta barci da idonta.

Aka zaunar da ita a kujerar direba, karon farko a rayuwarta, aka matso da kujerar gaba don ƙafarta ta kai. Matar ta tsaya a gaban bonet da gorar mai tana ƙarawa kada ya yi ƙasa. Shi yana kwance a bayan taya, ya sa wani siririn tiyo a bakin notin ya zura ɗaya bakin a cikin kwalba. Tela ya bar kekensa ya zo kallo. Daga ƙasa ake jin muryar Na-iya: taka, Inna, taka, riƙe. Ita kuma tana amsawa daga sama, ta riƙe, ya yi sauri ƙafarta ba ta saurayi ba ce. Suka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya har feda ta yi tauri, Inna ta ce ta ƙi tafiya, ko ta ɓata wani abu ne? Ya ce a'a, haka ake so.

Ta ce a kawo mata kwalbar. Ta kai ta dab da idonta, ta ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa a cikin man suna fashewa.

Ta ce, "'Yar wannan ce?"

Ya ce ita ce. Ta girgiza kai, ta miƙa masa kwalbar, ta ce kafin ya ɗauki kowa ya kai wa bakanike motar ya taka ya ji. Ya kai. Da ya dawo ta fito ta dafa bonet ta yi addu'arta kamar da, shi kuma ya tsaya har ta gama bai dubi agogo ba. Kantunan ba duka suka dawo masa ba, amma wasu sun dawo, gidan yana ci.

Ya 'yan uwa, darasin ba ɓoyayye ba ne. Talauci bai kai shi cikin bulo ba, gyara da kansa ma bai kai shi ba. Ku gyara abinku, ku koya, ku rage kashe kuɗi inda za a rage. Amma akwai aikin da Allah ya yi shi na mutum biyu, wanda ya ce sai ya yi shi shi kaɗai don kada a ga gazawarsa, to da ran wasu yake biyan kuɗin girmansa. Mutumin na biyu kuma yawanci ba nisa yake ba, yana tsaye a bayanka da kofin ruwa.

Na biyu ya fi nauyi. Kada ka ɓoye aikin da ba ka gama ba a bayan addu'ar wani. Addu'a ba ta zo ta maye gurbin sifana ba, tare suke tafiya, kuma wanda ya jingina sakacinsa ga Ubangiji, wata rana wani mai tsarkin zuciya ne zai ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. In ka riga ka yi, ƙofa ba ta rufe ba. Shiga ɗakin ka durƙusa. Dundu ɗaya ne, ba ya kisa.

Allah ya kiyaye mu daga girman kan da ke hana neman taimako, da ƙaryar da muke kira faranta rai. Ya tsare matafiyanmu a hawa da gangara, ya bar mana tsofaffinmu da addu'arsu, ya ba mu kunnen jin wanda ya ce bari in taka maka. Amin.